Ranar da Man Gyaɗa Ya Ƙi Fita

Ko yau aka soya gyaɗa ƙamshin ya iske ni, sai ranar nan ta dawo mini sabuwa fil, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Zamanin Nasara ne, lokacin da raƙuma da motocin kamfani ke cika Magariya da kakar gyaɗa. A garin na tashi hannun mahaifina, ɗan kasuwa, don uwata ta rasu tun ina goye. Na iya ɗinki, na iya tuwo, amma man gyaɗa a kwalba na san shi.

Sai aure ya kai ni Kwaya, gidan manoma. A unguwar akwai al'ada: amarya za ta fitar da mai ita kaɗai a gaban mata, ba mai taya ta, ba mai gaya mata komai. In mai ya fito, hannunta na da albarka. In ya ƙi, ba za ta taɓa irin shuka ba har ta mutu, kuma ba mai sayen abincinta. Akwai wata baiwar Allah a maƙwabta da hakan ta faru da ita, har ta yi furfura yara na tsokanarta da busasshen hannu.

Uwar mijina kuwa mace ce mai tsare gida. Tun da na zo ban ga haƙorinta ba, gaisuwata ma da ka take amsawa. Tsoronta nake ji ƙwarai.

Da ranar tawa ta zo, mata suka taru, na soya gyaɗa, na murje, na niƙa a dutse har ta yi laushi, na juye a turmi na hau juyawa da taɓarya. Na juya, na juya, kafaɗuna suka ɗau zafi. Ƙullun na sheƙi, ga mai ina gani a jikinsa, amma ko ɗigo bai rabu ba. Ban san ana zuba ruwan zafi ba. Abin da na sani ruwa da mai ba sa shiri, to me zai kai ni haɗa su?

Mata suka fara kallon juna. Wata ta ce, "'Yar birni, ko turmin namu ne bai gane ki ba?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

Azahar ta yi, sai ga uwar mijina ta fito da butar alwala. Tana zuwa daidai ni ta yi tuntuɓe, ruwa ya tuttule cikin turmi.

"Ke wace irin yarinya ce?" ta daka mini tsawa. "Duk faɗin gidan nan sai kan hanya za ki kafa turmi? Ci gaba da juyawa mana, kin tsaya kina kallona!"

Na ci gaba, na ɗauka ta gama kashe ni. Can sai na ji taɓarya ta yi nauyi. Ƙullun ya sha ruwan, ya fara harhaɗa kansa yana dunƙulewa, ya zama tunkuza gefe guda, mai kuma ya tsatso ya kwanta a sama, garau da shi. Wadda ta tsokane ni ita ta fara rangaɗa guɗa.

Sai da na natsu na tuna turirin da ya tashi daga turmin. Ruwan nan tafasasshe ne, ba mahalukin da zai yi alwala da shi.

Mun zauna tare har ta tsufa a hannuna. Tana ciwon ajali na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, tuntuɓen nan na ranar mai..."

Ta harare ni. "Dutse ne. Ku ba kwa share gida."

Allah Ya jiƙanta. Daga gare ta na koyi cewa wani mai ƙaunarka ba zai taɓa faɗa maka ba, da faɗa ma zai rufa maka asiri, kuma ba ya son ka gode.