Shekarar da Kogi Bai Kawo Ba

Gwaggo Yelwa, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Haɗeja, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma fa tana da littafi, kuma ita ta ɗinka abinta da ƙyallayen tsohon buhun gishiri. A shafin farko ta ɗinke gashin jelar ragon sunan ɗanta Shu'ibu. Tun daga nan, duk shekara in ruwa ya janye daga fadama, sai ta tsinto abu ɗaya da kogi ya bari, ko ƙugiya, ko guntun raga, ko gashin tsuntsu, ta ɗinke shi a sabon shafi.

Bayan wani babban fari da aka yi, Shu'ibu ya nemi aikin jirgin ƙasa a Malam Madori. Akawu ya ce sai mai shekara goma sha takwas, ga shi kuwa babu takardar haihuwa. Gwaggo ta ƙunshe littafinta a ɗankwali ta raka shi.

Akawu ya yi dariya, amma dai ya ƙirga shafukan da ke bayan na suna. Ya ce, "Iya, sha bakwai na gani."

Ta ce, "Ɗan nan, ƙirgarka daidai ce. Bara waccan ai kogi bai kawo ba. To me zan tsinto?"

Akawu ya tuna a shekarar ne shanun mahaifinsa suka ƙare a Birniwa. Ya jawo takarda ya rubuta sha takwas, ya ce Shu'ibu ya zo aiki ran Litinin.