Daren da Na Kai Wa Kakata Madubin Hangen Taurari

In ka haɗa kyamara da madubin hangen taurari, abin da za ka fara gani a allonta ba tauraro ba ne. Wani farin dunƙule ne mai hazo-hazo, kamar an ɗiga nono a ruwa. Sai ka kama ɗan abin murzawa da ke gefe, ka dinga juyawa a hankali har dunƙulen ya tsuke ya koma ɗigo. Jiya da magariba ina wannan aikin a filin makarantar da nake koyarwa a Kalgo, kakata ta faɗo mini a rai, har na kasa ci gaba.

A Ceberu na tashi, a ɗakinta. Ita ta haifi mahaifina, kuma tun da aka yaye ni ta ɗauke ni. Da bazara, in zafi ya hana zaman ɗaki, takan shimfiɗa tabarma bayan rumbu da an idar da sallar magariba, ƙasa na huci, ƙamshin daddawar miya na tasowa daga murhu. Sai ta kama haɓata ta juya fuskata yamma, ta nuna mini taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta. Ni shida nake ƙirgawa, ita ta ce bakwai ne, idona ne bai nuna ba. Duk yammacin duniya kazar na ƙara yin ƙasa. Ranar da kakata ta neme ta ta rasa, sai ta aika wa mahaifina ya gyara irin gero, ruwa ya kusa. Magidanta masu furfura na tsayawa a ƙofar gida su tambayi abin da ta gani.

Mahaifinta makiyayi ne, a wurinsa ta koya. Taurari da yawa tana da sunansu, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci, kowanne da abin da yake faɗa game da ciyawa ko damina. Ni kuwa yaro ne, kaina a cinyarta, barci ke ɗauke ni kafin ta kai rabi.

Na yi karatu, na zama malamin kimiyya. Ita kuma yanar ido ta rufe mata gani sannu a hankali. Da na samu madubin nan da kyamara, abin da ya fara zo mini shi ne in ɗauko mata kazar a hoto, in kawo ta dab da idonta. Ban tsaya na ƙware ba. Wata Juma'a cikin bazara na ɗaura kayan a babur na nufi gida.

Bayan rumbu na kafa ƙafafun madubin. Ƙanwar mahaifina ta riƙo hannun kakata ta zaunar da ita kusa da ni. Kaka ta shafa ƙarfen, ta yi 'yar dariya.

"Maigidana, mi kaka nema cikin wanga bututu?"

Na ce kazarta zan kamo mata.

Na cire gilashin da ake leƙawa, na ɗaura kyamara a gurbinsa, na fara murzawa. Dunƙulen ya tsuke, na zarce, ya sake kumbura. Na dawo baya, hannuna ya taɓa bututun, komai ya yi rawa. Gumi na zuba a idona, kazar na gangarawa wajen kan bishiyar kuka, batir kuma ya nuna ja. Duk wannan lokaci kakata tana magana. Ta ɗaga fuskarta sama duk da ba ta gani sosai, tana jero sunayen, tana cewa wane na bin wane, wane in ya fito shanu sukan juya kudu. Ta miƙo hannu za ta dafa ƙafar madubin don ta gyara zama.

Na ce, "Kaka, don Allah kar ki taɓa. Ki ɗan yi shiru in gama."

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Hoto ɗaya na samu kafin kyamarar ta mutu, shi ma bai saitu ba. Da safe na yi caji a shagon bakin hanya, na kawo mata allon har yana taɓa hancinta. Ta daɗe tana kallon farare-fararen dunƙulen nan.

"Hakanga nika ganinsu yanzu," in ji ta. "Ashe na'urar taka ma ta tsufa."

Na yi mata alkawarin zan dawo da mai kyau. Ta ce Allah ya kai mu, ta sa aka ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda.

A Kalgo na zauna na koyi abin sosai. Na gane sai an zuƙo tauraro mai haske a allo a saita da shi tukuna, a bar bututun ya huce daga zafin rana, a sa kyamara ta ɗauka da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Amma kafin hannuna ya faɗa, kazar ta ɓace, damina ta shigo da gizagizai. Sau biyu ƙanwar mahaifina ta yi waya cewa tsohuwa na tambayata. Na ce sai na samu hoton, kunya nake ji in je hannu biyu. Ana tsakiyar noma na biyu aka kira ni da hantsi. Ko da na isa Ceberu, an dawo daga maƙabarta.

Bayan girbi kazar ta dawo, na ɗauke ta tsaf. Ba bakwai ba ne, sun fi a ƙirga. Hoton na manne a bangon ajina.

Yanzu a ƙauyenmu waya da rediyo ake saurare kafin a yi shuka, fitilun sola sun haske sararin bayan rumbu. Na bi dattawan da suka rage ina tambayar sunayen nan, mahaifina ya tuna uku, sauran suka ce ai sai ita. Ɗalibaina kan nuna tauraro su ce, malam, mene ne sunan wannan da Hausa? Sai in faɗa musu na littafi, in ce na Hausar ban sani ba. Ban taɓa gaya musu cewa an faɗa mini shi, ina tsaye a wurin, na ce a yi shiru ba.