Na'urar Kawu da Na Ƙona

Jiya a lab, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, wani ɗan ajinmu ya ƙona wayar wuta, warin roba ya turnuƙe ɗakin. Ni da nake ta tsalle na cinye jarrabawa, take murnata ta koma ciki. Bari ka ji dalili.

Kawuna injiniya ne. Ya daɗe a wani ƙaramin kamfani a garin Beltsville, nan ƙasar waje, suna haɗa na'urar gem ta gida, wato ta wasan bidiyo. Saura ƙiris ta shiga kasuwa aka soke ta, aka sallami kowa. Shi dai ya taho da guda ɗaya, ruwan toka, ko suna babu a jikinta. Lokacin muna gida ɗaya a Silver Spring, ina ɗan shekara tara. Duk Asabar bayan la'asar, ƙamshin miyar Umma na tashi, sai ya jona ta a talabijin ya miƙo min. "Sarkin yatsu, gwada mana." Wallahi gem ɗin ba ƙarya, har yatsana ya yi kanta.

Wani lokacin sanyi aka rufe makaranta saboda ƙanƙara, Kawu ya fita neman aiki. Na ɗauko ta a ɓoye. Soket duk a cike, sai na ga taransifomar da Umma ke jona injin markaɗenta na Kano, mai ƙara ƙarfin wuta. Ban san wutarmu ta nan da ta gida ba ɗaya ba ne. Na cusa. Tas! Hayaƙi siriri. Na buɗe taga duk da sanyin, na mai da ita kwalinta, na yi lamɓo.

Ranar Asabar ya gayyato tsoffin abokan aikinsa biyu su tuna baya. Ya jona, shiru. Ya sake, shiru. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi 'yar dariya. "Ashe dai masu kamfanin sun fi mu gaskiya. Ba ta da ƙarko." Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba. Bai ƙara haɗa komai ba, ya koma gyaran kwamfutocin ofis.

Yanzu yara a waya suke gem, babu abin jonawa balle su ƙona. Kawu kuma ya yi furfura, yana Greenbelt, ya ce in zo gobe mu ci tuwon murnar jarrabawata. Har yau yana ganin hannunsa ne ya gaza. Zan je. Amma kafin in wanke hannu zan gaya masa.