Eriyar Bello Tana Turai

Ina kan rufinmu a unguwar Gidan Igwai, rana na dukana, na ɗaga eriya ina bin tauraron ɗan'adam don in gaisa da masu sha'awar magana ta rediyo irina na wasu ƙasashe. Ban da shuuu ba na jin komai. Maƙwabta har tsokanata suke: "Malam, an ga wata?"

Na sauko na tarar da ƙanena Bello kwance gaban fanka, yana gaisawa da wani ɗan Brazil ta tauraro.

"Kai, ina eriyarka?"

"Tana Turai, Yaya. Da wayag ga nike juya ta, ta intanet."

Ni na koya masa harkar nan fa! Na ce masha Allah, amma wallahi iyakarta baki.

Ku faɗa min gaskiya, wanda bai sha rana ba, shi ma ɗan rediyo ne?