Muryar Ozella Broussard

A garin Crowley na jihar Luiziyana a Amurka, mutane sun san muryar Ozella Broussard tun kafin su san fuskarta. Tarwaɗa take soyawa a wani gidan abinci kusa da injin casar shinkafa, kuma in ta ɗauki waƙa a gaban kasko, leburori sukan jiyo ta duk da rurin injin.

Wata rana a 1956 yayanta Alcide, mai kaɗa jita, ya faɗo kicin ɗin yana haki.

"Ke, ajiye matsamin nan! Mista Guidry ya yarda. Yau za mu yi faifai!"

"Wa zai rera? Kai, da wannan muryar ta kwaɗo?"

"Shi ya sa na zo ki, uwar tsiwa. Taso!"

Mista Guidry mai gyaran rediyo ne. A bayan shagonsa yake ɗaukar murya, a wani ɗaki mai makirufo ɗaya tal. Mai ganga ya saki kiɗa, Alcide ya bi shi, Ozella ta buɗe baki. Mista Guidry ya zabura ya toshe kunne.

"Baiwar Allah, za ki ƙona mini inji! Ja baya!"

Ta ja. Ya ce ta ƙara. Haka aka yi ta yi har ta kai bakin ƙofa, ƙafarta ɗaya a lungu. Daga can ta rera "Direba Kar Ka Tsaya", tana buga dunduniya, tana tafi. Kafin a gama, masu wucewa sun cika lungun suna tiƙar rawa, har da wani ɗan sanda.

Faifan ya kama kamar gobara. Kiɗan rok-an-rol sabo ne a lokacin, manya na kiransa kiɗan Shaiɗan, ga kuma mahaifiyarsu Eulalie ita ce shugabar mawaƙan coci. Ozella ta yi ta ɓoye-ɓoye, har ranar da tsohuwar ta ji waƙar a rediyon wani kanti. Ta dawo gida fuska a murtuke.

"Ozella, zo nan."

"Mama, wallahi Alcide ne ya..."

"Rufe mini baki. A baiti na biyu numfashinki ya yanke. Haka na koya miki?"

Ozella ta daka tsalle ta rungume ta.

Daga nan sai yawo, ita da makaɗa cikin tsohuwar mota, daga Teksas har Jojiya. Wani babban kamfani ya ɗauke ta, ya haɗa ta da masu goge, aka ce ta sassauta murya. Faifan bai karɓu ba. Ta tattara ta koma wurin Mista Guidry, suka ƙara fitar da wasu masu zafi. Da yayi ya juya, ta auri mai gangarta, Ulysse, suka buɗe gidan rawa a bakin gari.

Tana da furfura wasu samarin Ingila suka zo nemanta, suka ce a can ana haukar tsofaffin faya-fayanta. Ta shiga jirgin sama karo na farko, tana riƙe da hannun Ulysse gam. A Landan, tana fara baitin farko, zauren gaba ɗaya ya karɓe waƙar, kalma bayan kalma. Ta tsaya baki buɗe, sannan ta waiwayi mijinta da ke kan ganga.

"Ulysse, ji 'yan banzan nan, za su ƙwace mini aiki! Ƙara wuta!"

Ya ƙara. Sau uku 'yan kallo suna mayar da ita kan dandamali.