Layar Inna a Maƙogwaron Mota

Ladan bai sauke hannu daga kunne ba muka ɗaura kaya, muna sallame asuba muka bar Funtuwa, ni da mai ɗakina da wani maƙwabcina. Ana gobe za mu tashi, da yamma, wani direban babbar motar kaya ya kawo saƙo cewa jikin Inna ya yi tsanani a ƙauyenmu da ke bayan Dayi, kuma sunana take ta kira. Burina ɗaya, in same ta da rai.

Motar tsohuwa ce, na saye ta hannun wani Bature da zai koma gida, ban kuma taɓa kuka da ita ba sai cikin watan nan da ta koyi zarin mai, tana ta aman baƙin hayaƙi. Na ɗora laifin a kan man zamanin yaƙi, wanda ya yi wuya kuma ake surka shi. Da ƙyar na samu galan uku, na ce ko yaya ta kai da ci za su kai mu.

Hanyar Bakori ta sha ruwan dare, sai taɓo da ramuka. Gero ya fid da kai, auduga ta yi shar hagu da dama. A bakin kasuwa mai ɗakina ta sayo ƙosan sisi, wai ba a zuwa dubiya da yunwa. Maƙwabcina ya cinye rabi yana zagin mai suyar. Na yi dariya, ita ce kuma dariyata ta ƙarshe a tafiyar.

Rana ba ta gama ɗagawa ba motar ta fara shaƙuwa, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar gonaki, Malumfashi na can gaba. Na zura kara a tanki, ya fito ƙayau. Maƙwabcina ya ari keken wani manomi ya tafi neman mai da garwa. Na zauna gindin ɗorawa ina kallon inuwa tana tsukewa. Ban taɓa sanin rana tana da gudu haka ba. Sai bayan azahar ya dawo, ya ce gidan mai a rufe yake, a wurin wani mai injin niƙa ya roƙo.

La'asar sakaliya muka shiga ƙauye. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida, na ga yayana zaune da ƙasa a ƙafafunsa. Inna ta cika da hantsi, an kai ta bayan azahar. Aka ce duk ƙarar da ta ji sai ta tambaya ko motata ce. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan sadakar uku muka juyo, Yaya ya biyo mu zai sauka Malumfashi. Can na tsaya wurin wani bakanike, Bayarabe haifaffen garin, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya bi abin daki-daki. Ya danna tayoyi ya ce iskarsu lafiya. Ya ɗaga motar ya juya ƙafafun ko birki na riƙewa, suka juya sumul. Ya bi bututun mai da yatsa bai ga yoyo ba. Da ya kwance fulogi sai ga su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce mota da mai da iska take rayuwa, in iska ta gaza sai ta cike gurbin da mai, wannan kuwa shaƙe ta aka yi.

Ya murɗe murfin tukunyar tace iska, ya zura hannu, ya zaro wani ƙunshin tsumma da ya sha baƙin mai ya kumbura, ya toshe maƙogwaron kafireta, inda iska ke bi ta haɗu da mai. Ya warware. Laya ce, ɗinkin jar fata. Tsumman kuwa na gane shi, yankin tsohon zanen saƙin Inna ne.

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ni na sa," in ji shi. "Ranar da ka kawo mata motar ta gani, kana masallaci ta ba ni. Ta ce in ɓoye inda ido ba zai kai ba, don kai ɗan boko ne, za ka cire. Ta ce, 'Ba na so hanya ta cinye mini shi.' Murfin nan kaɗai na iya buɗewa da hannu."

Bakaniken ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙanta. Ya wanke tukunyar da kananzir, ya zuba mata sabon baƙin mai, ya goge fulogin. Motar ta tashi lumui, ba hayaƙi. Ya ƙi karɓar ko anini.

Yaya ya tambaye ni ko shi ya hana ni ganinta. Na ce masa kwana ne ya ƙare, haka Allah ya rubuta. Gaskiya na faɗa, amma sai da na kau da fuska kafin ta fita.

Na samu ƙarin mai a garin, muka iso Funtuwa kafin magariba, galan ɗaya bai ƙare ba. Mai mota, in ka ga baƙin hayaƙi kada ka ce sai gobe, buɗe ka duba numfashinta. In kuma kana da tsohuwa, bar ta ta ba ka abinta a hannu, ka karɓa da hannu biyu. Layar tana rataye jikin madubi yanzu, inda kowa ke gani. Man da ya rage a tanki ya isa ya kai ni Dayi gobe da hantsi, sai dai babu mai tambaya ko motata ce.