Jinin da Ya Zo wa Ƙanwata da Wuri

Ƙanwata tana aji biyu a firamare, shekararta bakwai, ƙirjinta ya fara tasowa. Umma ta ce ƙiba ce, ta sa tela ya ƙara wa rigunanta faɗi. Lokacin muna haya a bayan kasuwar Dutse, Baba yana aiki a sakatariya. Shekarar da aka fara shari'a ce, duk majalisar da ka wuce hirar bulala ake yi.

Wata rana da la'asar ta dawo daga Islamiyya da jini a wandonta. Ni na fara gani, na kira Umma. Umma ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, ihun ya fito da Baba daga ɗaki. Bai tambaya ko faɗuwa ta yi ba, wayar rediyo ya fizgo.

"Wa ya taɓa ki?"

"Wallahi Baba babu kowa."

Ya zuba mata. Ta ruga bayan randa, ya jawo ta ta ƙafa ya ci gaba. Umma ta shiga tsakani, wayar ta fasa mata leɓe. Da duka ya yi duka, ƙanwata ta ce ɗan garuwa ne, wani dattijo mai kawo mana ruwa a kura. Daga baya ta gaya min shi ne ya fara zuwa bakinta, so take kawai a daina.

Yayanmu ya kwashi abokansa, suka samu dattijon a bakin famfo yana cika jarka. Da katako suka rufe shi. Na hango shi a ƙasa cikin taɓo, yana kare kansa da hannu yana salati, har hannun ya karye. Limamin unguwa ne ya kwanta a kansa kafin suka bar shi.

Washegari aka kai ta asibiti. Likitar mace ce. Ta duba ta, ta kira Baba ciki.

"Alhaji, babu wanda ya taɓa yarinyar nan. Al'ada ce ta zo mata da wuri."

"'Yar shekara bakwai?"

"Yana faruwa. Sau da yawa ba ma gano dalili, wani lokaci kuma gado ne. Wannan shatin na bayanta fa?"



Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Ringim da labari ya kai mata. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

"Ni ma haka na yi, kana goye lokacin. Inna ta ɗaure min ƙirji da zane, ta ce in na faɗa wa wani sai ta yanka ni. Ƙanwar mahaifinmu ma haka. Da ka tambaye ni kafin ka ɗau waya."

Baba da liman suka je neman gafara. Dattijon ya ce ya yafe, amma hannun ya ɗoru a karkace, bai ƙara iya tura kura ba. Ya koma ƙauyensu wajen Buji.

Ƙanwata ta fi kowa tsawo a ajinsu, sai kuma tsawon ya tsaya cak, yau iyakarta kafaɗata. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaida Baba, ya amsa, ta tashi. Har ya rasu ban ji hirarsu ta wuce nan ba.